DUTSEN DA BA YA NARKEWA

  In akwai waɗanda ba su iya karatu ba a gidanku, ka tara su da dare bayan an ci tuwo, ka karanta musu.

Mu mutanen Magarya da Dungas mutanen rairayi ne. Daga Sassumburum zuwa Malawa, daga Bande zuwa Dogo-Dogo, yawancin ƙasarmu jigawa ce da fadama. A gonaki da yawa mutum yakan yi shekara da shekaru yana noma, hauyarsa ba ta taɓa karo da dutse ba. Sai ka je Damagaram, kamar kilomita 90 arewa da Magarya, sa'an nan za ka ga manyan duwatsu a zube, wani bisa wani, har a tsakiyar Birni. In muna so mu yabi ƙarfin wani abu, mukan ce yana nan kamar dutse.

To, ga abin mamaki. Duwatsun nan na Damagaram, akwai lokacin da suke a narke kamar kunu a can cikin ƙasa, kafin su huce su daskare. Har yau kuma akwai wurare a duniya inda dutse yake narkewa, ya fito waje, yana gudu kamar ruwan korama. Samarinmu suna ganin hotunan a wayoyinsu. Wani ya taɓa zuwa wurina bayan sujada, hankalinsa a tashe, ya ce, "Baba, ko tashin duniya ne ya zo?" Saboda shi da irinsa na rubuta wannan. Ina so ka san abin da yake faruwa, ka kuma san inda ya kamata ka kafa ƙafarka.

MENE NE DUTSE MAI AMAN WUTA?

Ka taɓa tsayawa kusa da tukunyar talge sa'ad da uwargida take tuƙa tuwo? Bisa yakan yi 'yar fata, amma a ƙasa wuta tana ci. Jim kaɗan sai ka ga wani wuri ya kumbura, ya fashe, ya tofar da talge mai zafi. Haka ƙasa take, sai dai tukunyar tana da girma ƙwarai.

Ɓawon ƙasa da muke zaune a kai, kaurinsa kamar kilomita 30 zuwa 50 ne. Kome ka nutsa ciki, zafi sai ƙaruwa yake yi. Masu haƙar zinariya a Afirka ta Kudu sun nutsa kusan kilomita 4, suka tarar zafin dutsen ya wuce digiri 60, mutum ba ya iya aiki sai an sanyaya masa wurin. A tsakiyar duniya kuwa zafin ya wuce digiri 5,000. A waɗansu wurare dutsen da ke ƙarƙashin ɓawon yakan narke. Narkakken dutse ya fi daskararre rashin nauyi, saboda haka yakan nemi hanya ya hau. Yana kuma ɗauke da iska mai ƙarfi a matse a cikinsa. In ya sami tsaga, sai ya fashe waje da toka da hayaƙi. Zafinsa yakan kai digiri 700 zuwa 1,200. Ka tuna ruwa yana tafasa a digiri 100 kaɗai.

Masana sun ƙidaya irin duwatsun nan kamar 1,350 a bisa ƙasa waɗanda har yanzu suna iya yin aman wuta. A kowane lokaci akwai kamar 40 ko 50 da suke cikin yi. Ashe abin da saurayin nan ya gani a wayarsa ba sabon abu ba ne. Tun kakannin kakanninmu ake yi, labarin ne kawai bai iso mu ba.

Kada ka ji tsoro saboda gonarka. Babu irin wannan dutse mai rai a ƙasar Magarya ko ta Dungas. Amma sawun wutar yana kewaye da mu. A ƙasar Muniyo, wajen Gure, akwai duwatsun da suka fito daga tsohon aman wuta. A Azbin akwai matattun bakunan wuta, a Tafadek kuma, arewa da Agadas, ruwa yana ɓuɓɓugowa da zafinsa, mutane suna zuwa wanka. A Tibasti ta ƙasar Cadi akwai Emi Kusi mai tsawon mita 3,415, ba wanda ya kai shi a duk Sahara, shi ma dutsen wuta ne. A can ne kuma wani babban rami yake, wanda gindinsa ya yi fari fat da kanwa. A tudun Jos, wajen Panyam da Kerang, tsofaffin duwatsun wuta sun bar ƙasa mai albarka, ana noman masara da dankalin Turawa a kanta. Ka ga wutar da ta ƙone wuri a dā ita ce ta zama takin masu noma a yau. Wannan ma alherin Allah ne.

ƊAGA IDONKA SAMA

Duniyarmu ɗaya ce daga cikin duniyoyi 8 da suke kewaya rana, ita ce ta uku. Waɗansu daga cikinsu kana ganinsu da dare, kana ce musu taurari. A zamaninmu mutane sun aika da kumbo iri iri, masu ɗauke da na'urorin ɗaukar hoto, suka leƙo su. Bari in gaya maka kaɗan daga abin da suka gani.

Fara da wata. Ran da ya cika, ka dube shi da kyau, za ka ga baƙaƙen tabo a fuskarsa. Tabon nan narkakken dutse ne da ya malala a cikin manyan kwaruruka tun dā, ya daskare. A watan Yuli na 1969 mutanen Amurka biyu suka sauka a kan ɗaya daga cikin tabon, suka komo da duwatsu da ƙasa kusan kilo 22. Da aka gwada, sai aka tarar akwai irin baƙin dutsen da aman wuta yake bari a nan duniya. Kai da ba ka taɓa barin Dungas ba, ashe tun kana yaro kana kallon sawun aman wuta kowane wata.

Sa'an nan ga Gamzaki, wanda yake tashe ka da asuba lokacin shuka. Shi ne kuma Zara, wadda muke ce wa matar wata, in ta fito da almuru. Abu ɗaya ne, duniya ce kusan girman tamu. Daga nan tana da kyaun gani, amma a kanta zafi ya kai kamar digiri 465, ya isa ya narkar da darma. Gajimare mai kauri ya rufe ta, ido ba ya ganin ƙasarta. Wani kumbo mai suna Magellan ya kewaya ta daga 1990 zuwa 1994, ya auna fuskarta da na'urar da ke ratsa gajimare. Daga cikin hotunansa an ƙidaya duwatsun wuta fiye da 85,000. A 2023 kuma waɗansu masana suka gwada hotuna biyu na wuri ɗaya, waɗanda aka ɗauka wata 8 tsakani a 1991, suka ga bakin wani dutse ya ƙara faɗi, ya sāke kama. Wannan alama ce wutar Gamzaki ba ta mutu ba.

Akwai kuma wani jan tauraro, duniyar da ake kira Mars. A watan Nuwamba na 1971 kumbo Mariner 9 ya isa can, ya tarar ƙura ta rufe duniyar duka, kamar hazon hunturu mai tsanani. Ba a ganin kome sai waɗansu ɗigo huɗu da suka ɓullo bisa ƙurar. Da ƙura ta lafa, sai aka ga kawunan manyan duwatsun wuta ne. Babbansu, wanda aka sa wa suna Olimfus, tsawonsa kamar kilomita 22 ne. Dutsen Bagzan na Azbin, wanda ya fi kowane tsawo a Nijar, mita 2,022 ne. Sai ka ɗora irinsa goma, wani bisa wani, ba ka kai kan Olimfus ba tukuna. Faɗin gindinsa kuwa kamar kilomita 600 ne, kusan tafiyar Damagaram zuwa Dogon Dutsi a kan titi. Ba a taɓa ganinsa yana aman wuta ba, yana nan shiru.

Can gaba akwai Mushtari, babbar duniyoyin duka, tana da watanni masu yawa. Ɗaya daga cikinsu sunansa Iyo, girmansa kusan na watanmu. A watan Maris na 1979 kumbo Voyager 1 ya wuce kusa da shi. Wata ma'aikaciya mai suna Linda Morabito tana duban hoto domin ta auna hanyar kumbon, sai ta ga wani abu kamar laima ya tashi a gefen Iyo. Ashe aman wuta ne, ya yi sama kamar kilomita 300, fiye da nisan Damagaram zuwa Kano. Wannan ne karo na farko da ɗan adam ya ga dutse yana cikin aman wuta a wani wuri dabam da duniyarmu. Yanzu an san akwai irinsu kamar 400 a kan Iyo. Me ke hura wutar? Mushtari ce take jansa da ƙarfi, sauran watanni kuma suna jansa ta wani gefe, yana matsuwa yana sakuwa ba fasawa. Ka ɗauki waya ta ƙarfe ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, za ka ji ta yi zafi a hannunka. Haka cikin Iyo yake narkewa.

A wurare masu nisa da rana kuma, inda sanyi ya fi ƙarfin misali, akwai masu aman ruwa. A 2005 kumbo Cassini ya ga wani ƙaramin wata na duniyar Zuhalu, mai suna Enseladus, yana fesa tururi da ƙanƙara daga tsagogin jikinsa.

WA YAKE RIƘE DA SU?

Mai karatu, ka yi tunani a kan wannan. Kafin 1979 ba mahalukin da ya san akwai wuta a kan Iyo. Ba sarkin da ya ba da umarni a hura ta, ba bokan da ya hango ta. Amma tana ta ci tun zamanin Ibrahim da Musa, Allah kuwa yana sane da ita kowace rana. Ka buɗe Zabura 104 ka karanta wa iyalinka. Mai zabura ya bi halitta ɗaya ɗaya, ruwan sama, da ciyawar dabbobi, da wata, da rana, ya nuna dukansu a hannun Allah suke. Kusa da ƙarshe, a aya ta 32, ya sa hayaƙin duwatsu da rawar ƙasa a cikin lissafin. Su ma ba su fi ƙarfin hannunsa ba.

Saboda haka kada ka bar mai duba ya ruɗe ka da zancen taurari, wai tauraron wane ya hau, na wane ya faɗi. Gamzaki dutse ne da zafi, bai san sunanka ba. Wanda ya yi Gamzaki shi ne ya san sunanka. Kada kuma ka gaskata masu cewa bakunan nan ƙofofin Gidan Wuta ne, ko gidajen aljannu. Halittar Allah ce, kamar iska da tsawa.

ABIN DA YA CI DOMA

Watakila ka ce, "To, ina ruwana da dutsen da ke wata ƙasa?" Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Saurara ka ji.

Duk wanda ya kai shekaruna ya tuna da 1984. Ina ɗan shekara 14 a lokacin. Muka yi shuka, ta bushe. Muka sāke, ta bushe. Na tuna ran da mahaifina ya shiga rumbu ya fito da damin ƙarshe, bai ce wa kowa kome ba. Muka ci dusa, muka ci tafasa, mata suka yi ta jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki domin ɗacin ya fita. Shanu suka faɗi, waɗanda suka ragu aka sayar da su a banza. A shekarar ce kuma Nijeriya ta rufe iyaka, hanyar kasuwannin Babban Mutum da Maigatari ta yi wuya, har mutane suka sa wa yunwar suna El-Buhari. Fadamun Korama da noman rani su ne suka ceci gidaje da yawa.

Ba wanda ya gaya mana a lokacin cewa shekara biyu kafin haka, a ƙarshen Maris da farkon Afrilu na 1982, wani dutse mai suna El Cicon ya fashe a ƙasar Meziko. Ya kashe mutane kamar 2,000 a can. Ya kuma tura hayaƙin farar wuta, wato kibritu, can ƙololuwar sama, inda ruwan sama ba ya wanke shi. Hayaƙin ya bazu kamar siririn mayafi bisa arewacin duniya, ya rage ƙarfin rana. Ka san damina daga kudu take hawo mana, daga wajen teku. In arewacin duniya ya yi sanyi fiye da yadda ya saba, damina ba ta hawowa sosai, sai ta tsaya a kudu. A 2013 waɗansu masanan yanayi na Ingila suka bincika damunan ƙasashenmu daga 1900 zuwa 2010. Suka tarar a cikin damuna 4 da suka fi muni, 3 sun zo ne a bayan babban aman wuta a arewacin duniya. Ɗaya ita ce ta 1913, wadda ta jawo yunwar da kakanninmu suka kira Kakalaba. Ita kuwa ta biyo bayan fashewar da aka yi wajen dutsen Katmai na Alaska a watan Yuni na 1912.

Ban ce dutse kaɗai ne ya kawo fari ba. Fari yana da dalilai da yawa, ruwa kuma ya riga ya fara raguwa tun kafin yunwar 1973. Amma dutsen ya ƙara wa mai ciwo nauyi. Ka duba fa. Dutsen da mahaifina bai taɓa jin sunansa ba, a ƙasar da bai san tana nan ba, yana da hannu a cikin abin da ya sami rumbunsa. Wane ne a cikinmu zai ce ransa a hannunsa yake? Gonarka, da shanunka, da ƙarfin damtsenka, duka suna rataye a kan abubuwan da ba ka gani, ba ka kuma iko da su.

SUN FI MU ZUNUBI NE?

A ƙasar Kamaru akwai wani tafki mai suna Niyos, a cikin bakin tsohon dutsen wuta. Mugun iska yana tsatsowa daga ƙasa, yana taruwa a gindin ruwan. Masu haƙar rijiya sun san irinsa, shi ne iskan da yake kwanciya a gindin rijiya mai zurfi, ya kashe fitila, ya shaƙe mutum. Daren 21 ga Agusta 1986 iskan ya taso gaba ɗaya. Ya fi iskan da muke shaƙa nauyi, saboda haka ya gangara cikin kwaruruka, ya shiga ƙauyuka. Mutum 1,746 suka mutu, da dabbobi kamar 3,500. Da yawa a kan shimfiɗarsu aka same su. Manoma ne da makiyaya kamarmu. Sun ci tuwon dare, sun yi shirin aikin gobe.

In irin wannan ya faru, akwai masu saurin cewa, "Alhakinsu ne ya kama su." Ɗan'uwana, ka kiyaye bakinka daga wannan magana. A Luka sura 13 an kawo wa Yesu labarin waɗansu da aka kashe, shi kuma ya tuna musu da mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam. Ya ƙi yarda cewa waɗanda suka mutu sun fi sauran mutanen gari laifi. Sai ya juyo da maganar kan masu sauraro, ya gargaɗe su su tuba tun da sauran lokaci. Haka ma mutanen Niyos ba su fi mutanen Guci ko na Yekuwa zunubi ba. Mutuwarsu gargaɗi ce gare mu da muke da rai. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

GARI BIYU, GARGAƊI ƊAYA

A ƙasar Kolambiya akwai wani gari da ake kira Armero, a gangaren wani dutsen wuta mai ƙanƙara a kansa. A 1985 dutsen ya yi watanni yana hayaƙi. A watan Oktoba masana suka zana taswira, suka nuna in ya fashe ƙanƙarar za ta narke, laka ta bi kwari ta rufe garin. Amma ba a kwashe mutane ba. Daren 13 ga Nuwamba dutsen ya fashe. Bayan kamar awa biyu da rabi laka ta iso. Mutum kamar 23,000 suka hallaka a yankin. Ga tuddai kusa da garin, da ƙafa ma ana iya kaiwa.

Bayan shekara 6, a ƙasar Filifin, dutsen Pinatubo ya fara motsi. Masana suka yi gargaɗi, hukuma ta ji, mutane dubu dubai suka bar gidajensu da gonakinsu. Ran 15 ga Yuni 1991 ya fashe, fashewar da ta fi ta Kolambiya nesa ba kusa ba, har zafin duniya duka ya ragu da kamar rabin digiri a shekarar da ta biyo. Mutane fiye da 800 suka rasu, amma an lissafta cewa gargaɗin ya ceci aƙalla mutum 5,000.

Duka biyu an yi gargaɗi. Bambancin shi ne, a wuri ɗaya an tashi, a ɗayan an jira gobe. Kai fa? Sau nawa ka ji bishara? Sau nawa ka ce, "Sai bayan girbi," ko "Sai na aurar da yara"? Ba a fafe gora ranar tafiya.

INDA ZA KA TSAYA

Sa'ad da Allah ya ba Isra'ilawa Shari'a a Dutsen Sina'i, dutsen ya rufu da wuta da hayaƙi, ya yi rawa, aka hana jama'a ko taɓa shi. Ka karanta a Fitowa sura 19. Allah ya nuna musu tsarkinsa ne, domin su sani mai zunubi ba ya iya matsowa da ƙarfin kansa. Ni da kai masu zunubi ne. Ƙarya, da hassada, da tauye mudu, da cin iyakar gona, da zaluntar mata a gida, da layar da aka ɓoye a ƙarƙashin riga ran Lahadi, duk Allah yana gani. Wanda ya ga wutar Iyo tun ba wanda ya gan ta, zuciyarka ba ta ɓoyu gare shi ba. Bitrus kuma, a wasiƙarsa ta biyu sura 3, ya faɗa mana rana tana zuwa da wannan duniya da abin da ke cikinta za su narke da wuta. Ya ce jinkirin da muke gani haƙurin Allah ne, domin ba ya so kowa ya hallaka. Ba wanda ya san ranar. Duk wanda ya sa maka rana, maƙaryaci ne.

Amma ga albishir. Hukuncin da ya cancance mu, Yesu Almasihu ya ɗauke shi a kan gicciye. Ya mutu saboda zunubanmu, aka binne shi, a rana ta uku ya tashi. Saboda haka Ibraniyawa sura 12 ta nuna mana cewa mai bi ba ya tsaye a gindin dutsen tsoro kamar Isra'ilawa. An kawo shi wurin Yesu, wanda ya sulhunta mu da Allah ta wurin jininsa. Surar ta kuma koya mana cewa duk abin da yake girgizuwa za a kawar da shi, amma mulkin da aka ba masu bi zai tabbata.

Mu mutanen rairayi mun san abin da ruwan Agusta yake yi wa katangar da ba ta da tushe. Yesu ya yi misali da wannan a ƙarshen Matiyu sura 7, a kan magina biyu, ɗaya ya kafa gidansa a kan fā, ɗaya a kan yashi. Ya ce mai jin maganarsa yana aikatawa shi ne na farkon. Duwatsun Damagaram sun taɓa narkewa, za su kuma sāke narkewa a ranar ƙarshe. Olimfus da duk girmansa zai shuɗe. Yesu Almasihu shi ne Dutsen da ba ya narkewa. Wanda ya dogara gare shi, ko fari ya zo, ko ciwo, ko mutuwa da tsakar dare, ransa yana wurin da ba abin da zai taɓa shi.

ME ZA KA YI YANZU?

Na ɗaya, ka tuba yau, ka ba da gaskiya ga Yesu. In ka riga ka yi baftisma amma ka koma tsohuwar hanya, ka komo. Ke ma 'yar'uwa, maganar nan taki ce, bangaskiyar maigidanki ba za ta tsaya miki ba.

Na biyu, ka daina tsoron jita-jita. In wani ya nuna maka hoton wuta a waya, ya ce duniya za ta tashi ran kaza, ka buɗe masa Littafi Mai Tsarki cikin natsuwa.

Na uku, ka yi tanadi. Dogara ga Allah ba ta hana gyaran rumbu. Yusufu ya ji gargaɗi, ya ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasar Masar har shekara 7, ya ceci jama'a mai yawa. Yana a Farawa sura 41. Kada ka kwashe hatsinka ka kai kasuwa da kaka saboda biki, ka komo kana sayen tiya da tsada a bazara.

Na huɗu, ka tuna da maƙwabcinka. Sa'ad da aka faɗa wa ikilisiyar Antakiya yunwa tana zuwa, kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya. Yana a Ayyukan Manzanni sura 11. Ko ikilisiyarku tana da rumbu domin gwauraye da marayu? In babu, ka kawo maganar a taron dattawa. In kuwa yunwa ta zo, kada ka tambayi mai jin yunwa addininsa kafin ka auna masa.

In kana so ka karɓi Yesu, ka iya yin addu'a kamar haka, da zuciya ɗaya:

"Ya Allah, Mahaliccin sama da ƙasa, na yarda ni mai zunubi ne. Na dogara ga gonata da ƙarfina, na manta da kai. Na gode domin Yesu ya mutu saboda ni, ya kuma tashi. Ka gafarta mini, ka karɓe ni, ka kafa ni da gidana a kansa. A cikin sunan Yesu na roƙa. Amin."

In ka yi wannan addu'a, kada ka ɓoye. Ka tafi wurin fasto ko mai bishara na majami'ar da ta fi kusa da kai, ka gaya masa, zai koya maka Maganar Allah. In ka gama karanta takardan nan kada ka jefar, ka ba wani shi ma ya karanta. Gobe da asuba kuma, in Allah ya kai mu, ka tashi yaranka ka nuna musu Gamzaki, ka gaya musu wanda ya yi shi.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai da gidanka duka. Amin.